Maɓallai Bakwai Da Muryoyin Jita

Duk wanda ya saba sauraron jitar lantarki ya san murya biyu gare ta. Akwai tatacciya mai fita garau, akwai kuma mai kaushi, wadda ke fita da gurnani kamar an shaƙe wuyan lasifika. Wannan ta biyun ita Turawa ke kira obadirayib. Mu kuwa, a ɗan rukuninmu na ɗalibai makaɗa, gurzajjen sauti muke ce mata, kuma a kanta ne kunnenmu da aljihunmu suka daɗe suna jayayya.

Asalin abin ma daga ɓarna ya faro. A shekarar 1951, a birnin Memfis na Amurka, an ɗauki waƙar "Rocket 88" da amfilifayar Willie Kizart wadda ta sami matsala, aka kuma ji daɗin abin da ya fito. A 1964 Dave Davies na rukunin The Kinks a Ingila da gangan ya tsaga takardar lasifikarsa da reza. Abin da ke faruwa shi ne, idan aka ɗura wa amfilifaya sauti fiye da abin da za ta iya ɗauka, sai ta aske kawunan igiyar sautin, askin nan kuma ya haifar da wasu ƙananan amo a bisa na asali. Daga baya kamfanoni suka ƙunsa wannan aski a cikin 'yan akwatunan da ake takawa da ƙafa, watau fedal. Kunnen Bahaushe dai bai baƙunci irin wannan kaushi ba, domin kuwa mai garaya da kansa yake maƙala ceba don kiɗansa ya riƙa zuza, kuma wanda ya ji jitar Bombino ko ta Mdou Moctar na ƙasar Nijar ya san abin ya zauna mana daram.

To, a nan ne fa sunaye ke shigowa, su zo da tsadarsu. Akwai Tube Screamer na kamfanin Ibanez, ɗan koren nan da ya fito a 1979, wanda Stevie Ray Vaughan ya ƙara wa daraja. Akwai Big Muff, akwai Rangemaster da Brian May da Tony Iommi suka yi aiki da shi. Akwai kuma Klon Centaur da Bill Finnegan ya fara ƙerawa a 1994, wanda na hannunsa ma dubban daloli ake sayarwa. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin makaranta da na garin kwaki, ina shi ina wannan? Abin da muka mallaka biyu ne rak: wani tsohon fedal na gurza sauti da sunansa ya goge, da ikwalaiza ƙirar Boss GE-7, dukansu na hannu daga kasuwar Alaba ta Legas.

Mai karatu ya san ikwalaiza a jikin manyan rediyoyin kaset na da. Wannan ma haka take, sai dai takawa ake yi. Ta fito tun 1981, tana da maɓallai bakwai da ake turawa sama ko ƙasa, kowanne da zangon da yake mulki: haz 100, 200, 400, 800, 1,600, 3,200 da 6,400. Kowane maɓalli na iya ƙarawa ko ragewa har desibel 15, sa'annan ga na takwas mai kula da ƙarfin sautin baki ɗaya. Na hagu su ne kauri da gurnani, na tsakiya su ne murya da hanci, na dama kuwa kaifi da ƙyalli.

Babban al'amarin ba ya ga maɓallan kaɗai, yana ga inda aka jona ta. Idan ikwalaiza ta zo kafin fedal ɗin gurza, ita ke zaɓen abin da za a aske. Zangon da ta ɗaga shi zai fara cin karo da reza. Idan kuwa ta zo daga baya, aski ya riga ya wuce, aikinta tacewa ne kamar rariya. Da muka fahimci wannan sai muka ga ashe kaso mai tsoka na abin da ake kira halin wane da wane a cikin waɗannan manyan sunaye, ba kome ba ne illa tudu da kwari a jerin zanguna.

Alal misali, Tube Screamer yana rage kaurin da ke ƙasa da wajejen haz 720 kafin ya yi aski, ya kuma dushe kaifin sama bayan ya gama, sai tsakiya ta rage a tsaye kamar tozon raƙumi. Mu sai mu sa ikwalaizarmu a gaba, mu sauke 100 da 200, mu ɗaga 800, mu ɗan kwantar da 6,400. Rangemaster ya fi sauƙi: a zubar da ƙasa, a ɗaga 1,600 da 3,200, a tura na takwas sama don ya matsa wa amfilifaya. Big Muff shi kuma akasin tozo ne, rami gare shi a tsakiya, wajejen haz 1,000. Don haka sai ikwalaiza ta koma baya, 800 ya sauka, gefe da gefe su tashi.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yadda waɗannan muryoyi ke sauya hali idan sun shiga taro. Mai ramin nan, idan mutum shi kaɗai ne a ɗaki, ji zai yi kamar hadari ke gangami, ga daɗi ga kwarjini. Amma ran bikin sashe, da zarar ganguna da jitar bes sun mamaye ƙasa, faifan ƙarfen ganga ya mamaye sama, sai jitar ta ɓace ɓat, a ga mai ita yana ta gumi ba a jin kome. Mai tozon kuwa, wanda a ɗaki yake kama da maganar mai mura, shi ne ke ratsa hayaniya ya isa kujerar baya. Wanda ya sayi suna bai san dalilin haka ba. Wanda ya gina sautin da yatsansa maɓalli-maɓalli ya sani.

Duk da haka, ba za mu ce kwaikwayon ya kai asali ba. Ikwalaiza ba ta aski, ba ta kuma haifar da sabon amo. Abin da aka ba ta shi take rabawa. Yadda dayod ɗin wani fedal ke aski a tausashe, na wani kuma ya datse kai tsaye kamar na DS-1, ko yadda SD-1 ke aske gefe ɗaya fiye da ɗaya, duk sun fi ƙarfinta. Big Muff sau biyu yake aski a jere, shi ya sa amonsa ke daɗewa bai mutu ba, namu kuwa ya yi kama da shi a fuska amma numfashinsa gajere ne. Ga kuma shuu ɗin da ke tashi idan an tura maɓallai sama da yawa, abin da ya sa muka fi son ragewa bisa ga ƙarawa. Wutar lantarkinmu a kan haz 50 take gudana, gunjinta kuma yakan leƙo a 100, saboda haka wannan maɓalli na farko ba kasafai muke barinsa ya haura tsakiya ba, musamman ranar da janareto ke aiki.

A bangon ɗakin da muke gwaji mun manna takarda mai zane huɗu, kowanne ɗigo bakwai a jere. Uku mun raɗa musu suna: Tozo, Rami da Reza. Na huɗun ba kwaikwayon kowane fedal ba ne. Mun sauke 100 da 400, muka ɗaga 1,600, muka rage gurzar har ta zama 'yar zuza kawai, domin jitar ta bar wa kalangu wurin da yake magana. Shi muke takawa duk lokacin da mai kalangunmu ya saɓa abinsa a hammata.