Bindigar da aka sauko da ita daga silin

Asabar

Masu canza kwanon ɗakin Inna ne suka ci karo da ita a cikin silin, naɗe da tsohon buhu. Doguwa ce, in aka kafa gindinta a ƙasa bakinta na kawo mini haɓa. Inna na ganinta ta ce ta mahaifinsu ce, da ita yake rakiyar huhunan goro daga gonakin bayan Agege zuwa tasha, a loda su a jirgin ƙasa zuwa Kano. Yara suka yanyame suna ihun harba-ka-ruga. Baffa ya kore su, ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa kunamar.

Lahadi

Na ɗauko wani tsohon maƙeri, Bakano, wanda ke yi wa mahautan Oko-Oba wuƙaƙe. Bai ko kalli tsatsar ba. Siririn ƙarfe ya zura ta baki har ya tokare, ya danne iyakar da babban yatsa, ya zaro ya gwada a jikin bututun ta waje. Saura faɗin yatsa uku bai kai gindi ba.

"Ɗana, da ɗuri a cikinta."

Na ce, "Baba, bayan duk shekarun nan?"

Ya ce albarushi ba ya mutuwa don tsufa, ruwa ne ajalinsa. Ya ɗura mata ruwa, ya jingine ta bakinta sama. Da la'asar ya sa murɗaɗɗiyar waya ya fara zaƙulowa: tsumma, sai guntayen baƙin ƙarfe, sai wani tsumman, sai albarushin da ya koma baƙin kunu. Jiya yara na kewaye da wannan abu.

Talata

Mun raba bututun da katakon. Kananzir da tsumma kawai na yarda a sa, a hankali. Can kusa da gindi sai tambari biyu suka bayyana, kowanne sanduna biyu ne a gicciye da kambi a samansu, ɗaya da haruffan B, C, P, ɗayan da V. Na ɗauki hoto na gwada da jadawalin tamburan gwajin bindigogi. Na gidan gwaji na Birmingham ne a Ingila, wanda aka kafa a 1813, kuma an yi amfani da wannan tambari har 1904. A nan ake cika bututu da albarushi fiye da ƙima a harba, wanda bai fashe ba a buga masa hatimi.

Baffa ya so a ce tun zamanin Glover take, wanda ya tara sojojin Hausawa a Legas a 1863. Hujjarsa ita ce ta ƙanƙara ce, ƙyastu take yi ta kama wuta. Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ƙanƙara ba ta isa shaida ba." Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen wannan yanki bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shi ya sa Birmingham da Liège suka ci gaba da ƙera mana abin da Turai ta daɗe da yarwa. Tambarin bai faɗi shekara ba, tazara kawai ya bayar, kuma labarin Inna ya fi zama daidai da ƙarshenta, tunda sai a 1911 layin dogo ya isa Kano.

Alhamis

Ƙanena ya zo da injin goge ƙarfe da gwangwanin fenti, wai a sa ta ƙyalli. Na hana, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Wuyan katakon ya taɓa tsagewa, wani ya naɗe shi da ɗanyar fata, ta bushe ta matse shi gam, ya bi da wayar tagulla. Wurin da tafin hagu ke riƙewa ya yi baƙi ya yi santsi. Ƙarfen da ƙanƙara ke bugu ya ci har ya yi kwari, alamar ta sha harbi. Turawa sun ƙera dubbai irinta, amma waɗannan alamomi na hannun kakanmu ne, kuma injin zai shafe su kafin a sha shayi. Tsatsa mai ja da laimar Legas ke hurawa ita kaɗai muka cire. Ƙarfe ya sha man keken ɗinki, katako ɗan man kaɗe.

Maƙerin ya haska tocila cikin bututun, duk ramuka ne. Ya ce ko a bikin Sallah kada a ɗura mata, za ta fashe a fuskar mai harbi.

Litinin

Dokar makamai ta 1959 ta haɗa har da bindigogin ɗuri, lasisinsu kuma a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake. Baffa ya ce mu fara biyawa ta fadar Sarkin Hausawan Agege a ba mu takardar shaida. Na kwance makunnin da ke riƙe ƙanƙara na ajiye a akwatin Inna, bindigar kuma tana kulle a ɗakin Baffa. Gobe da hantsi za mu je, da hotunan tamburan.