Ranar da kwamfuta za ta ce muna 1901

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri, kuma ba na 'yan sashen kwamfuta kaɗai ba ne. Duk wanda sakamakon jarrabawarsa ke kwance a cikin wata na'ura, da shi nake.

Kun san littafin nan da ake ajiyewa gaban mai gadi a ƙofar ofis: suna, lokacin shiga, lokacin fita. To, kwamfutoci masu aiki da Linux, irin waɗanda aka fi ɗora shafukan intanet a kansu, su ma suna da nasu littafin. Fayil uku ne. Akwai utmp, na waɗanda ke ciki yanzu. Akwai wtmp, tarihin shiga da fita. Sai lastlog, mai riƙe da shigar kowa ta ƙarshe. Ka buga last, sai na'ura ta jero maka wa ya shiga, daga ina, ƙarfe nawa.

Wannan littafi ba na ɗaliban da ke buɗe fotal su biya kuɗin makaranta ba ne. Na masu riƙe da makullin sabar ne, wato ita kanta babbar kwamfutar da komai ke ajiye a cikinta. A kowace makaranta a duniya, in aka wayi gari maki ya canza ko suna ya ɓace, tambayar farko ita ce: wa ya shiga, kuma yaushe? Ɗalibin da ba shi da kowa a sama, shaidarsa kenan. Na sani mai cikakken iko a kan na'ura zai iya goge sahunsa, littafin ba waliyyi ba ne. Amma gara shaida mai rauni da babu.

Matsalar a wajen rubuta lokaci take. Kwamfuta ba ta san Talata ko Laraba ba, sakan kawai take ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970. A tsohon tsari an ware wa wannan ƙirge gurbi mai bit 32, kuma iyakar abin da zai ɗauka shi ne 2,147,483,647. Za a kai wannan adadi ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, wato 4:14 na asuba agogonmu, ko sallah ba a yi ba. Sakan ɗaya bayan nan sai lissafi ya kife, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika ta juya. Sai dai shi ba sifili yake komawa ba, 13 ga Disamba 1901 yake faɗawa.

Ku tsaya ku auna 1901 ɗin nan fa. A lokacin Magajin Keffi Ɗan Yamusa bai kashe Kyaftin Moloney ba tukuna, sai a 1902. Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba sai 1903. Jihar Nasarawa 1996 aka ƙirƙire ta, Jami'ar Tarayya ta nan Lafiya kuwa 2011. Wace shaida za ka kafa da littafin da ya ce wane ya shiga saba shekara 110 kafin a kafa makarantar?

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zauna karanta batun nan saboda aikin digirina na biyu shi ne, sayen sabuwar kwamfuta ba ya maganinsa. Za ka ce ai namu duk masu bit 64 ne yanzu. Haka ne, kuma agogonsu zai kai shekara biliyan 292 bai cika ba. Amma waɗancan fayiloli uku an bar su da gurbin bit 32 da gangan, don tsofaffin manhajoji da sababbi su iya karanta littafi ɗaya. An gina sabon gida, an shigo da tsohon littafin mai gadi yadda yake.

Mutane sun fara gyara. A 2023 wani injiniyan kamfanin SUSE mai suna Thorsten Kukuk ya rubuta wtmpdb da lastlog2, waɗanda ke adana bayanan a rumbun SQLite da lokaci mai bit 64. openSUSE ce ta fara komawa kansu. Debian 13, da ta fito a watan Agusta 2025, ta cire tsofaffin last da lastlog, ta ce a girka sababbin. Masu kula da glibc kuma a 2024 sun yi wata dabara, suka daina ware wa shekarun kafin 1970 wuri a gurbin, sai wa'adi ya matsa zuwa 2106. A ganina wannan faci ne, an tura wa jikoki bashi. Amma ko facin ma sai wanda ya sabunta na'urarsa zai same shi.

Nan ne abin ya shafe mu. A wajenmu na'ura in tana aiki ba mai taɓa ta. Wanda ya haɗa ta ya gama bautar ƙasa ya tafi, ko an yi masa canjin wurin aiki, ita kuwa tana can a lungu tana gurnani shekara goma, shekara goma sha biyar. Kwamfutocin ma da yawa tokumbo ne, sun riga sun ci rabin rayuwarsu kafin su iso. Yaron da aka haifa a 2020 zai cika 18 a 2038, daidai lokacin da yake neman gurbi a jami'a. Sabar da ɗayanmu zai haɗa bana tana iya zama ita ce za ta karɓi sunansa.

Wani abokin karatuna ya ce min, kai malam, haka aka tsorata mutane a 1999, aka ce duniya za ta tsaya a 2000, me ya faru? Na ce masa ai shiru ɗin da aka ji, aikin da aka yi shekaru ana yi ne ya saye shi. Bai gamsu ba, muka bar zancen a wajen mai shayi.

Ni abin da nake tsoro ma ba 2038 ba ne, ranar ƙaura ce. Mutum zai sabunta na'ura, ya ga fotal na buɗewa, ya ce alhamdulillah ya tafi gida. Bai girka wtmpdb ba, bai haɗa shi da tsarin tantance masu shiga ba, bai kwashe tsohon tarihi ya zuba a sabon rumbu ba, alhali duka manhajojin biyu suna da hanyar shigo da shi. Sai ranar da rigima ta tashi a je neman littafi a tarar da giɓi. Ga kuma batun ƙaramin batirin agogo: in ya mutu, da an ɗauke wuta kwanan wata ya rikice. Duk kyan sabon tsari, abin da agogo ya faɗa shi zai rubuta.

'Yan ajin ƙarshe masu haɗa fotal da PHP da MySQL a furojet, ku ma ku duba naku. Nau'in TIMESTAMP na MySQL a wannan rana ta 19 ga Janairu 2038 yake tsayawa. DATETIME kuwa yana kaiwa 9999. Kalma ɗaya ce bambancin, kuma wasu furojet ɗin nan su ake gyarawa a sayar wa makarantu masu zaman kansu a gari.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ina so mu gwada da idonmu. Za mu sa tsohon Linux a wata kwamfutar da ba a amfani da ita, mu tura agogonta zuwa 2038, mu shiga mu fita, mu buga last mu ga me za ta ce. Daga nan mu yi ƙaurar tare, mu ƙirga layukan tsohon littafi da na sabo mu ga ko sun yi daidai. Mai tsohuwar laftof da ba ya jin tsoron a goge ta, don Allah ya zo da ita. A taho da abin jona wuta mai baki da yawa, soket ɗaya ne ke aiki a ɗakin.