Abin da Kilomita 1,000 na Farko Suka Koya Mini

Shekara 12 na yi ina tuƙa 'yar Kwatano mai giyar hannu kafin Allah ya hore mini sabuwar mota dal, mai giyar otomatik. Ko mako ban yi da ita ba fargaba ta shiga cikin murnata. In danja ta ba da hannu na taka totur, sai ta ɗan yi nauyi kafin ta ɗauka. A cunkoson cikin Kano kuwa, tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu takan zabura kamar an tunkuɗo ta ta baya. Ga shan mai fiye da yadda na zata. Har na ƙudurta kai ta gareji a buɗe giyar.

Kawuna, wanda ya tsufa a kan sitiyari, shi ya tare ni. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa sa sabon takalmi bai matse ka ba? Ɗauko littafinta mu gani."

Littafin na nan cikin ledarsa, ban taɓa buɗewa ba. A ciki na tarar da ƙa'idojin kwanakin farko: a guji taka birki kwatsam a kilomita 300 na farko, kada a ja wata mota ko tirela kafin 800, sannan har zuwa 1,000 ban da gudun wuce sa'a, ban da finciko, ban da daɗewa a kan gudu ɗaya. Dalilin a fili yake. Ringin fistin sai ya gogu da bangon silinda kafin ya zauna daram, farantan kulocin cikin giya ma haka. Ita kuma kwamfutar da ke sarrafa giyar tana auna tsawon lokacin da kowane canji ke ɗauka, tana gyara matsin man giya daidai da shi, tana kuma lura da yadda ƙafar direba ke taka totur.

Na bi a hankali. Da na tashi zuwa Zariya ban kafe a gudu ɗaya ba, ina ƙarawa ina ragewa. Bayan na haura kilomita 1,000, zaburar nan ta fara lafawa. Da maleji ya kusa 3,000, giya na shiga ba na ji, motar na amsa totur nan take, tanki kuma na kai ni nesa fiye da da. Ni ma na canza: na daina dannawa da sakin totur irin na mai giyar hannu, wanda shi ke rikita ta tun farko.

Darasi na farko ke nan: sabuwar mota sai da haƙuri. Darasi na biyu shi ne haƙuri na da iyaka. Idan fitilar gargaɗi ta kunnu, ko injin na ihu mota ba ta ƙara gudu, ko aka ji ƙaurin man giya, ko aka ga ɗigonsa a ƙasa, wannan ba sabunta ba ce, ciwo ne. A mayar da ita wurin da aka saya tun garanti na aiki, domin buɗe ta a wani gareji na iya soke shi.

Ɗan'uwa, in Allah ya ba ka sabuwa, karanta littafinta kafin ka nemi bakanike, ka yi juyen mai a kan lokaci, ka kuma ba ta kilomita 1,000 na lallashi. Sannu ba ta hana zuwa.