Yaron da kuke kira daƙiƙi bai karya ba

Jiya da daddare wani ya rubuta a ƙarƙashin hoton 'yan ajina da na saka cewa yaran ƙauye "kansu ne ba ya ja", wai ko Ingila aka kai su haka za su dawo. Ban tanka masa a can ba, don bakina ba zai yi daɗi ba a lokacin. Amma na kwana da maganar na tashi da ita, don haka ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan.

A makarantar ƙauye nake koyarwa. Abin da ban cika faɗa ba shi ne yadda aji yake komawa idan hantsi ya dubi ludayi. Hamma ta zagaye ɗaki. Yaron da ya amsa maka tambaya da safe, yanzu ka kira sunansa sai ya bi ka da ido. Ka tambaye shi abin da ya ci kafin ya fito, ya sunkuyar da kai, domin an hore shi da rufa asirin gida. Sai na kusa da shi ya ce a hankali, "Malam, bai karya ba." Mai sa'a shi ne wanda ya samu ɗumame ko koko babu ƙosai. Daga bazara zuwa tsakiyar damina kuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, masu sa'ar ma raguwa suke yi. Wannan yaron ake kira daƙiƙi, wani malamin ma har ya bi shi da bulala.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda rashin abinci mai gina jiki. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne. Ina tambaya, ina waɗancan yaran suka tafi? Su ne suka cika mana azuzuwa. Tamowar da ta hana ƙashi tsawo ba ta ƙyale ƙwaƙwalwa ba. Kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da zarar yaro ya haura shekara biyar an gama da shi. Awo na ƙanana ne, igiyar nan mai ja da rawaya da kore da ake ɗaurawa a dantse ta ƙanana ce, ƙunshin gyaɗar tamowa ma nasu ne. Ba na jayayya da hakan, su ne mutuwa ta fi saurin ɗauka. Amma ɗan shekara takwas da ke tako tafiya mai nisa zuwa makaranta da cikin jiya, wa ke auna shi? Sai dai a auna shi da jarrabawa, ya faɗi, a ce kansa ba ya ja.

Ni ba likita ba ne, abin da na koya daga ma'aikatan lafiya da zama da yara ne kawai. Ka ja fatar idon yaro ƙasa, in ka ga ciki fari fat babu ja, akwai alamar ƙarancin jini, a kai shi a duba. Wanda ke tuntuɓe da magariba yana laluben hanya, dundumi ne, kuma ganye da manja da ƙwai suna taimakawa. Tsutsar ciki tana raba abinci da yaro, ƙwayar maganinta ba ta da tsada. Masu wanka a kududdufi da ke fitsarin jini, tsargiya ce, tana da magani, a daina cewa alamar balaga ce. Ga kunun da ake kira Tom Brown: a soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a niƙa tare, a dama. Zogale, rama, kuka, wake, ƙuli-ƙuli, awara, duk a ƙauye ake samunsu. Sai dai mun saba mu kwashi ƙwai da wake da kaji mu kai kasuwa, a bar wa yara tuwo da miyar da ba ta ga komai ba sai gishiri da daddawa.

Na san za a ce, to ai ka faɗa da bakinka, laifin iyaye ne. A'a. Uban da ya sayar da ƙwai don ya sayi mudun masara ba wauta ya yi ba, lissafi ya yi: ƙwai biyar ba za su kwantar da mutum goma ba. Wanda 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona fa, me zai dafa?

Za a kuma ce siyasa nake yi idan na ambaci ciyarwa a makaranta. Ku faɗa. Gwamnatin tarayya ta fara shirin a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku, naira 70 kowane yaro, daga baya aka mayar da shi naira 100, sannan aka dakatar a watan Janairun 2024. Kuɗin ya yi kaɗan tun kafin tsada ta gama cinye shi, kuma 'yan aji huɗu zuwa shida kallo suke yi, sai ka ce su ba su da ciki. Duk da haka, a wancan lokacin, ranar da kular abinci ta iso, aji cika yake yi. A Indiya, Kotun Ƙoli ce a 2001 ta tilasta wa jihohi ba yaran firamare dafaffen abincin rana. A Burazil, dokar 2009 ta ce aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyarwa a wajen ƙananan manoma za a kashe shi. Su sun mayar da abin haƙƙi, mu kuma yana zuwa ya tafi da wanda ke kan kujera.

Masu cewa "mu ma haka muka tashi, ga mu mun zama mutane", don Allah ku ƙirga 'yan ajinku. Nawa suka kai ƙarshe? Ku da kuka tsira ku ne ke da wayar yin rubutu.

Sannan mu ji tsoron Allah. Muna fitar da zakkar hatsi, ɗaya cikin goma, muna yanka a suna da biki har abinci ya yi saura a zubar, ga makaranta a bayan gidanmu yara na barcin yunwa. Haƙƙin maƙwabci da muke ji a wa'azi kullum bai tsaya a kan babba ba. In kowane magidanci mai hali ya ba da mudu ɗaya da kaka, mata biyu suka karɓi damun, za a sha kunu a makaranta ko sau uku ne a mako. Wannan ba ya sauke wa gwamnati nauyinta, kada wani ya juya mini magana.

Ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai, zan kawo batun mudun, na kuma riga na sanar da mai gari da liman. Shi kuma ɗan'uwana mai sharhi, ban goge maganarka ba, tana nan. In ka samu sarari ka zo mana da misalin ƙarfe sha ɗaya, amma ka fito ba tare da ka karya ba.