Lambar da Auta ya ƙi bugawa

Ban taɓa mallakar mota ba. Babur ɗina ne ke kai ni lakwal, shi ma sai na lallaɓa shi da safe. Amma a watannin baya na kwana biyu ina tunanin wata tsohuwar mota da ke Amurka, wadda ban taɓa gani ba sai a waya, kuma ta tono mini wani laifi nawa da na binne shekara goma sha takwas.

Ƙanena, autanmu, yana Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, garin da ƴan Nijar suke da yawa. Makaniki ne a wani garaji da ke gyaran tsofaffin motoci. Wani dare bayan isha'i ya kira ni ta WhatsApp, ya juya wayar ya ce, "Yaya, dubi wannan." Mota ce ja, mai kujera biyu, gilashin bayanta an raba shi biyu da wani ƙashi da ya sauko daga rufi. Chevrolet Corvette ce ta 1963. A cikin tsofaffin samfuranta, a waccan shekarar kaɗai aka yi ta da rababben gilashi, guda 10,594, domin direbobi sun koka cewa ƙashin yana tare musu ganin baya. Wasu masu ita ma suka yanke shi suka sa gilashi guda don ta yi kama da sabon yayi. Yau abin da suka yanke ɗin shi ne ake nema ido rufe.

Na tambaye shi abin da kowane ɗan Maradi zai tambaya: tana tashi? Ya yi dariya. Ya ce a wannan kasuwa tashi ba shi ne magana ba, asali ake saye. Daga nan ya shiga karantar da ni, ni malamin, kamar ɗan aji ɗaya.

An fara ƙera Corvette a 1953 a garin Flint na jihar Michigan, guda 300 kacal, dukansu farare. Jikinta ba ƙarfe ba ne, zaren gilashi ne da aka daskarar da ƙaro, shi ya sa ba ya tsatsa. Amma shasinta da ƙashin da ke riƙe da ƙofofi da gilashi ƙarfe ne, kuma can ɓarna take ɓuya. Mota tana iya sheƙi a waje alhali ƙarƙashinta ya ruɓe. Saboda haka mai kula da ita yakan ajiye ta a busasshen wuri, ya riƙa tayar da ita yana ɗan zagayawa don kada robobi su bushe, ya canza ruwan birki, kuma ba ya yawan goge tsohon fenti, domin kowace guga tana cin wani abu da ba ya dawowa. Duk abin da aka kwance, ko ƙusa ce, ana sa shi a leda a rubuta inda ya fito.

Tantance asali kuwa aikin lambobi ne. Ƙarƙashin akwatin da ke gaban fasinja akwai faranti biyu: ɗaya na lambar motar, ɗaya na launin fenti da na kujeru da ta fito da su. A gaban injin, ta hannun dama, akwai wani ɗan fili mai santsi inda aka buga lamba biyu da ƙarfe: ta masana'antar injin, mai nuna ranar da aka haɗa shi da irin ƙarfinsa, da kuma wani yanki na lambar motar kanta. A bayan injin akwai ranar da aka zuba ƙarfensa. Dole ranakun su bi juna: a zuba ƙarfe, a haɗa inji, sannan a gama mota. Ɗa ba ya girme uwarsa. Akwai ƙungiya guda, NCRS, da aka kafa a 1974, wadda alƙalanta suke bin mota da tocila da madubi suna ba da maki, sai ta kai kashi 94 cikin 100 kafin ta samu ɗaya daga cikin manyan shaidunsu. Akwai kuma taron Bloomington Gold, wanda yake da shaida ta musamman ga motar da ta tsira ba a sake ta ba, da tsohon fentinta da tabonta.

Wannan jar motar ta wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana son sayarwa. Komai nata daidai ne sai abu ɗaya: injin asali ya fashe tun da daɗewa, marigayin ya sa wani irinsa. Wani dillali ya zo wa Auta a gefe, ya ce a share filin lambar, a sake buga ta motar, farashi zai tashi sosai, shi kuma zai samu rabonsa. Kuɗin da aka ambata masa zai rufe wa Inna ɗakinta da kwano, ɗakin da muke tara wa kuɗi damina biyu. Ya ce, "Yaya, injin mai kyau ne, irinsa ne sak. Lamba ce kawai. Me ka gani?"

Da ma in ce nan take na ce masa a'a. Ban ce ba. Na ce ya bar ni in yi tunani, kuma abin da ya hana ni barci ba motar ba ce.

Shekarata ta uku da fitowa daga makarantar horon malamai, ina riƙe da aji a wani ƙauye, aka ce sufeto yana tafe. Na tattara kayen yara, na ga kurakurai kamar ƙasa. Sai na sayo sababbi da kuɗina, na rubuta darussa a allo, na sa su kwafa kwana uku, ina tsaye kansu ina gyara kowane harafi. Tsofaffin na ɓoye su a ɗakina. Sufeto ya zo, ya yaba, ya ba ni maki mai kyau. A cikin yaran akwai wata yarinya da take juya b da d, take tsallake layi in tana karatu. Tsohon kayenta yana faɗin haka a kowane shafi. Sabon bai faɗi komai ba. Mutumin da ya fi ni sanin aiki, wanda da zai gani ya nuna mini yadda zan taimake ta, ya buɗe ya ga tsabta ya wuce. Shekara biyu bayan haka ta bar makaranta ba ta iya karanta wasiƙa ba. Ban ce ni kaɗai na jawo ba. Amma na share filin lambarta na buga tawa.

Washegari na kira Auta na tambaye shi ko ana gane lambar da aka sake. Ya ce masana suna ganewa. Injin da ya daidaita wannan fili a masana'anta yakan bar wasu siraran layuka daga gaba zuwa baya, wanda ya share kuwa sai ya shafe su ko ya bar zane mai lanƙwasa. Suna duba siffar haruffa da zurfinsu da gilashin ƙara girma. Har ma lamba in ta cika kyau tana jawo zargi, domin ma'aikatan da suka buga ta asali da guduma sauri suke yi. Kowane malami ya san wannan. Aikin gida da uba ya yi wa ɗansa ana gane shi ne da rashin kuskure. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa wani ya riga ya faɗa: wanda zai sayi motar da guminsa, ko yaron da aka tura aji na gaba da ƙafar aro.

Sai ya ba ni labarin da ya yanke mana hukunci. A Bowling Green ta jihar Kentucky, inda ake ƙera Corvette tun 1981, akwai gidan tarihinta. Ranar 12 ga Fabrairu 2014, da asuba, ƙasa ta rufta a cikin ginin ta haɗiye motoci takwas. Uku aka gyara. Sauran biyar an nuna su ga jama'a a murƙushe yadda aka ciro su, ba a ƙera wasu an ce su ne ba. A cikin waɗanda aka gyara akwai mota ta miliyan ɗaya, fara, ta 1992. Da aka kwance ta sai aka tarar ma'aikatan da suka haɗa ta sun sa hannu a ɓoyayyun sassanta. Masu gyara suka zaɓi wahalar daidaita waɗannan sassa maimakon sa sababbi, don kada sa hannun ya ɓace. Gyara halal ne, har abin yabo ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a gyara a ce ba a taɓa ba.

Auta bai buga lambar ba. Ya gaya wa tsohuwar abin da ya gani, aka rubuta a takardar ciniki cewa injin ba na asali ba ne, ta sayar a kan abin da ya samu. Dillalin ya daina kawo musu aiki, mai garajin ya yi makonni yana ɗaure masa fuska. Ɗakin Inna ya sake shan damina guda da leda a kan rufi, ni ne na hau na ɗaura ta. Ba zan ce abin bai yi mana ciwo ba.

A ƙarshen zangon nan wani uba ya same ni a ƙofar aji, mutumin kirki, ya ce, "Mushe, 8 ne yaron ya samu. A taimaka a mai da shi 10, ai maki biyu ne kawai." Na shigo da shi na buɗe masa kayen ɗansa. Na ce, "Alhaji, dubi nan. Ya iya tarawa, ya iya ɗebewa, rabawa ce ta kayar da shi, kuma a wuri ɗaya yake faɗuwa kullum. In na rubuta 10, malamin baɗi ba zai san inda zai duba ba. Ka bar mini shi Laraba da yamma har ƙarshen wata." Bai ji daɗi ba, amma ya turo yaron.

Iyaye, kada ku yage shafin da jan biro ya cika, kuma kada ku karɓi biro ku yi wa yaro aikinsa. Ƴan'uwana malamai, in baƙo zai zo, a share aji, a bar kaye yadda yake. Tsofaffin kayen nan na ƙauye har yanzu suna cikin akwatina. Na ciro na yarinyar na ajiye a teburina, kuma duk sabon malamin da aka turo mini don koyon aiki, shi nake fara buɗe masa.