Tukunyar Haɗeja da Tukunyar Jamus

Bahaɗejiya ba ta yarda tukunya ta wanku ba sai ta ga tana ɗaukar ido. Da toka da yashi ake dirje ta, har gindin da itace ya baƙanta. A nan Jamus kuwa, kasko mai tsada sau da yawa baƙi ne dusashe, an shafe cikinsa don kada abinci ya kama. Wanda ya sa masa soson ƙarfe ya kashe shi. Mu ƙyalli ne shaidar tsabta, su kuma rashin ƙyallin suke saye da kuɗinsu.

Wannan bambancin ido ne kawai. Babban bambancin yana wurin narka ƙarfen. A garuruwanmu, 'yan gwangwan ke tara gwangwanayen lemo da tsofaffin tukwane da ɓaraguzan injin mota. Mai zubi ya hura gawayi har alminiyam ya narke, abin da ke buƙatar zafi digiri 660, sannan ya tsiyaya shi cikin gurbin da ya fitar a damshin yashi. Daga nan ake samun manyan tukwanen da ake turara shinkafar fadama da na girkin biki. Fasaha ce ta gaske, domin sake narka tsohon alminiyam ba ya cin fiye da kashi 5 cikin 100 na makamashin da ake kashewa wajen fitar da sabo daga ma'adini.

Jamusawa ma suna narka tsoho, amma sai sun tace. Tun shekarar 2003 ake biyan kuɗin ajiya a kan gwangwanin abin sha, yanzu santi 25, ba a mayar maka sai ka mayar da gwangwanin. Saboda haka gwangwani yake komawa masana'anta shi kaɗai, kuma a can ana auna abin da ke cikin narkakken ƙarfe kafin a zuba.

Mu kuwa kome tukunyar narki ɗaya yake shiga, har da kayan inji masu ɗauke da dalma. Miya mai tsami ko tumatir kan jiƙo ta ta shiga abinci, kuma abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya ishe mu ishara.

Masu zubin Haɗeja, sana'arku abar alfahari ce. Ku ware gwangwani da tsohuwar tukunya domin kayan girki, ɓaraguzan inji kuma a bar su ga abin da ba ya taɓa abinci.