Ƙaiƙayin Idon Yara: Mu Yi Magana Tsakaninmu

Ku matso kusa, ƙawaye, tunda yaran sun tafi Islamiyya. Kowace a cikinmu ta san yaron nan, galibi namiji, da zai wuni yana murza ido har farin idon ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ga kwantsa mai yauƙi tana jan zare. Da an gani sai a ce afolo ne. Sau da yawa ba shi ba ne. Afolo, wanda ya ɓulla a Gana a 1969, yaɗuwa yake yi, ya zagaye gida kaf, ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan kuwa ba a ɗaukarsa a wurin kowa, kuma duk shekara sai ya dawo, musamman da ƙurar hunturu da zafin bazara. Alaji ne: jiki ya ƙi jituwa da ƙura ko garin fure, sai ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo ƙaiƙayin da jan idon.

Maganin ɗigawa da likita kan rubuta, irin su olopatadine da ketotifen, aiki biyu yake yi. Yana tare histamin ɗin da ya riga ya fito, yana kuma hana ƙwayoyin da ke sakinsa su ƙara. Olopatadine mai ƙarfin kashi 0.1 sau biyu ake ɗigawa a rana, mai 0.2 sau ɗaya. A riƙa bin ƙa'ida har kakar ta wuce, ba sai ido ya tashi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwalbar da ake miƙo mana a kemis ba tare da takardar likita ba. Don Allah ku juya ta ku karanta. In kun ga dexamethasone ko betamethasone, ku dakata. Irin wannan magani cikin kwana biyu zai sa ido ya yi fari tas, uwa ta ji daɗi, ya ƙare ta sake saye, har a shafe watanni. A ɓoye kuwa yana iya ɗaga matsin cikin ido ya haifar da gilakoma, ko ya kawo yanar ido. Gilakoma ba ta cika yin zafi ba, yaro ba zai yi ƙorafi ba, kuma ganin da ta cinye ba ya dawowa. Likita ma yakan rubuta irin wannan magani idan ciwon ya tsananta, amma na ɗan lokaci, yana auna idon.

A gida, tsumma mai tsabta a ruwan sanyi a ɗora kan ido yana rage susa sosai. A bar ɗiga nono ko ruwan sukari. Kada bakin kwalba ya taɓa ido, kuma in ta yi wata guda da buɗewa a yar da ita.

Idan yaro ya fara gudun haske, ko ya ce yana gani dishi-dishi, kada a jira Alhaji ya dawo daga tafiya. A kai shi wurin likitan ido mafi kusa, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, a tafi da duk kwalaben da aka taɓa ɗiga masa.